NA'URAR RIKITA MA'AUNIN GUDUN MOTA: ABIN DA DOKA TA CE

Kowace safiya motocin haya masu yawa suna tashi daga tashar Utako da ke Abuja, wasu su bi hanyar Kaduna, wasu ta Lokoja, wasu ta Keffi. Direba yana son ya isa da wuri, yana kuma gudun tarar jami'an hanya. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa marasa tsoron Allah suke tallata wata 'yar na'ura, musamman a intanet, suna cewa wai idan aka maƙala ta a gaban mota za ta hana jami'i gane gudun da ake yi. Ana jan hankalin direbobi da masu motoci da masu sayar da kayan mota su san matsayin wannan na'ura kafin su sa kuɗinsu a ciki.

Yadda Ake Auna Gudun Mota

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana amfani da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake kira rada. Na'urar tana aika igiyoyin rediyo zuwa ga motar da ke tahowa, su bugi jikinta su komo. Gwargwadon saurin motar, gwargwadon yadda igiyoyin za su canja kafin su dawo, kuma daga wannan canji ne na'urar take lissafa gudun. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1842. Akwai kuma wani irin ma'auni na zamani da yake amfani da hasken lesa maimakon igiyar rediyo.

Iri Biyu, Duka Asara

Na'urorin da ake tallatawa iri biyu ne. Na farko yana watsa igiyar rediyo ta kansa mai ƙarfi don ya danne wadda ta komo daga mota. Wannan ƙaramar tashar watsa igiya ce ba tare da lasisi ba, kuma igiyar da take fitarwa ba ta zaɓen wanda za ta dama wa aiki. Na biyu kuwa, masu shi suna cewa yana karɓar igiyar jami'i ne, ya gauraya ta da hayaniya, ya mayar. Amma abin da ɗan akwati kamar na ashana zai mayar bai kai ko kusa da abin da jikin mota gaba ɗaya yake mayarwa ba, saboda haka ma'auni yakan karanta gudun yadda yake. Game da ma'aunin lesa kuwa, na'urar rediyo ba ta da tasiri a kansa ko kaɗan.

Watau idan na'urar tana aiki, mai ita ya karya doka. Idan ba ta aiki, an cuce shi.

Matsayin Dokar Nijeriya

Igiyoyin rediyo dukiyar ƙasa ce, gwamnati ce take raba su. Dokar Wayar Iska ta 1961 da Dokar Sadarwa ta 2003 sun hana kowa amfani da na'urar watsa igiya ba da izini ba. Har ila yau, tilas ne kayan sadarwa su sami amincewar Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, mai hedkwata a Maitama, kafin a sayar da su ko a yi aiki da su. Wanda ya saɓa yana fuskantar tara ko ɗauri, ko duka biyu, kuma ana iya ƙwace kayansa.

Mai sayar da na'urar da ba ta aiki shi ma bai tsira ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye game da amfanin kaya. Ɗan kasuwa ba zai kare kansa da cewa ai abin da ya sayar ba ya yin kome ba, domin da wannan maganar ya amsa laifin zamba da bakinsa.

Darasi Daga Amurka

An daɗe ana wannan shari'a a Amurka. A shekarar 1997 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta hana sayar da wata na'ura mai suna Spirit II ta kamfanin Rocky Mountain Radar. Kamfanin ya kai ƙara yana cewa na'urarsa ba ta ƙirƙirar igiya, mayarwa kawai take yi, amma a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan hukumar. A 2007 hukumar ta ci kamfanin tarar dala 25,000 saboda wasu na'urorin masu kama da ita. A 2016 kuma ta yanke wa wani kamfanin ƙasar Sin, C.T.S. Technology, tarar dala miliyan 34.9 saboda tallata na'urorin toshe sadarwa iri 285 ga Amurkawa ta intanet.

Ɓarnar irin waɗannan na'urori ba ta tsaya ga jami'an hanya ba. A 2013 hukumar ta sanar da tarar kusan dala 32,000 a kan wani direba wanda ya sa na'urar toshe GPS a motarsa don kada kamfaninsa ya san inda yake. Na'urar ta dama aikin wani tsarin taimaka wa jiragen sama sauka a filin jirgi na Newark.

Abin Da Ba A Iya Rikitawa

Ƙa'idar hanya ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a ga ƙananan motoci da bas a cikin gari. A babban titi mai hannu biyu, motar gida ba za ta wuce 100 ba, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Tun daga 1 ga Fabrairu 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu.

Ba don tara aka tsara waɗannan adadi ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafar direba ta kai ga birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yana ninkawa huɗu. Direban da ya dogara ga 'yar na'urar da ke gaban motarsa zai ƙara wuta, yana zaton ba mai ganinsa, alhali taya da birki da ramin hanya ba su san da zamanta ba. Fasinjojin da suka biya kuɗi a Utako amana ce a hannunsa.

Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kamasho da masu kamfanonin sufuri su hana sa wannan na'ura a motocinsu. Masu shigo da kaya su nemi shaidar amincewar hukuma kafin su yi odar kowace na'urar rediyo. Fasinjan da ya ga direba yana gudun ganganci ya yi masa magana, in ya ƙi ji, ya kira Hukumar Kiyaye Haɗura a lamba 122, wadda kyauta ce.