Birnin Konni: Abin da ke sa intanet ɗin gida ya tsaya bayan an sabunta Windows

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, masu kwamfuta ke ta komawa Windows 11. A Birnin Konni da Malbaza da Illela ta jihar Tahoua, sauyin kan zo da wata matsala: an ɗora sabuwar manhaja, kwamfuta ta tashi lafiya, amma intanet ɗin gida ya ƙi shiga.

Wanda abin ya faɗa wa ya kan fara da ɗora wa kamfanin waya laifi, ya ce babu rezo. Wani kuma ya ɗauki kwamfutar ya mayar wa mai gyara a sake goge ta, ya biya kuɗi sau biyu, wani lokacin ya rasa takardunsa a banza. Ga ɗalibin da ke cike takardar neman makaranta, ko ɗan kasuwar albasar Galmi da ke jiran saƙo daga Abidjan, kwana biyu babu intanet ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da ake kira intanet ɗin gida a wannan yanki galibi layin waya ne. Ko dai an saka layin Airtel, Zamani, Moov ko Niger Telecom a cikin ƙaramin akwatin da ke ba da Wi-Fi, ko a modem mai kama da filas, ko kuma wayar maigida ce ke raba wa kowa. Tun watan Maris na 2025 Starlink ma ya shigo Nijar, ga masu halin saye. Ke nan abubuwa uku ne a hanya: kwamfuta, akwati, da kamfani. Kafin a taɓa komai, ana bukatar a san wanne ne a cikinsu ya gaza.

Gwajin bai kai minti biyu ba. A kashe data a wayar hannu, a haɗa ta da Wi-Fi ɗin akwatin, a buɗe wani shafi. Idan ya buɗe, akwatin da kamfanin sun fita daga zargi, ciwon yana jikin kwamfuta. Idan wayar ma ta kasa, to goge kwamfuta ba zai yi maganin komai ba.

A wannan hali na biyu, abin da aka fi tararwa shi ne data ce ta ƙare, kuma sabuwar manhajar ce ta cinye ta. Windows 11 kaɗai ta haura gigabait 5 idan za a sauke ta. Da zarar an ɗora ta ta ga intanet, sai ta shiga jawo gyare-gyare da ƙananan manhajoji ba tare da ta nemi izini ba. An tsara ta ne da tunanin gidajen Turai da Amurka, inda ake biyan kuɗin wata a yi amfani babu ƙidaya. Idan ta ga Wi-Fi, galibi ba ta san cewa a bayansa akwai forfe na 'yan gigabait da aka saya da guminsa ba. Mutum zai kwanta da data, ya tashi babu, alamar Wi-Fi kuma tana nan cike a kusurwar allo.

Akwai maɓallin da ke taka mata birki. A kwamfutar da ke da Faransanci, ana shiga Paramètres, sai Réseau et Internet, a zaɓi sunan Wi-Fi ɗin gidan, a kunna Connexion limitée. A waɗanda aka sayo daga Kano ko Sakkwato masu Turanci, sunansa Metered connection. Idan an ɗora Windows sabuwa fil, duk saitin da aka yi a da ya tafi, don haka sai an sake kunna shi, kuma gara a yi hakan kafin a sayi wata data.

Konni tana da nata ƙarin, wanda mazauna Yamai ko Tahoua ba su cika haɗuwa da shi ba. Tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato 'yan kilomita ne kawai, kuma sabis ba ya tsayawa a shingen kwastan. Akwati ko modem da aka bari ya zaɓi kamfani da kansa yana iya kama eriyar Najeriya. Zai nuna sanduna, amma forfen da aka saya na cikin gida ne, ba zai yi aiki a can ba. Ana gyara wannan a shafin akwatin, wanda adireshinsa ke rubuce a ƙasansa ko a bayan batir. A na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne. A can ake mayar da zaɓen kamfani ya zama na hannu, a ɗaure shi a kan mai layin. Masu riƙe layi biyu, na Nijar da na Najeriya, su kuma duba APN, wato sunan ƙofar da kowane kamfani ke shigar da masu amfani da data, domin na wannan ba lallai ya buɗe na wancan ba.

Idan kuwa waya ta shiga intanet kwamfuta ta ƙi, tambaya ta gaba ita ce: shin tana ganin Wi-Fi ɗin ma kuwa?

Wani lokacin alamar Wi-Fi ɓacewa take yi gaba ɗaya. Wannan matsalar direba ce, ko pilot a bakin waɗanda suka koyi aikin da Faransanci: ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da katin Wi-Fi na cikin kwamfuta. Yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje. Windows 11 kuma tana neman aƙalla RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, na'urar tsaro ta TPM 2.0, da injin Intel zubi na takwas ko sama da haka. Da yawa ba su cika sharuɗɗan ba, sai masu gyara su bi ta bayan gida da filas su ɗora. Kwamfutar za ta tashi, amma wani lokacin babu direban da ya dace da tsohon katin, kuma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba.

Ana tabbatarwa a Gestionnaire de périphériques, ko Device Manager. Idan an ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefen na'urar sadarwa, direba ne. Abin takaicin shi ne ana bukatar intanet kafin a sauko da abin da zai kawo intanet. Mafita ita ce wayar caji: a haɗa wayar Android da kwamfuta, a kunna raba intanet ta USB. Windows kan gane wannan da kanta. Daga nan a shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a nemi direba da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Idan babu na Windows 11, na Windows 10 kan yi aiki sau da yawa. Shafukan da ke tallar gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya, gara a kauce musu.

Tsofaffin modem na 3G ma kan faɗa wannan ramin, domin manhajar da suka zo da ita tun zamanin Windows 7 aka rubuta ta. Haka tsohon akwatin da ke amfani da makullin WEP, wanda Windows ta daɗe tana gargaɗi a kansa: a shiga shafinsa a mayar da shi WPA2.

Idan kwamfutar tana ganin Wi-Fi, ta haɗu, amma ta ce babu intanet, a fara da mantar da ita sunan Wi-Fi ɗin a sake saka kalmar sirri. In bai yi ba, a cire tsohuwar manhajar riga-kafi ko VPN da ta biyo daga tsohuwar Windows, domin suna tsayawa ne tsakanin kwamfuta da intanet. Daga nan sai Réinitialisation du réseau, wato Network reset, wanda ke cire dukkan saitin sadarwa ya sake dasa shi. Yana share kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana, don haka a rubuta su tukuna.

Akwai kuma agogo. Idan kowane shafi yana cewa haɗin ba amintacce ba ne, a dubi kwanan wata a kusurwar allo. Kwamfutar gwanjo kan zo da mataccen ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda shi ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Idan ya mutu, babban batirin ma ya gaji, NIGELEC kuma ta ɗauke wuta, kwamfuta kan farka a wata shekarar da ta wuce, sai ta ƙi amincewa da takardun shaidar shafuka. Gyara kwanan wata kaɗai ya isa a ranar, canza batirin kuma ya kashe maganar. Wanda aka ɗora wa Windows ta Faransanci ya duba yankin lokaci ma, don takan zo da agogon Paris, wanda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yake gaban na Nijar da awa ɗaya.

Idan duk an gwada abin ya faskara, akwai hanyar komawa baya, amma tana da wa'adi. Wanda ya sabunta daga cikin Windows 10 yana da kwana 10 ya koma ta Système, sannan Récupération, muddin bai goge jakar Windows.old ba. Wanda aka goge wa komai da filas ba shi da wannan dama, sai dai a sake ɗora tsohuwar daga farko. Shi ya sa ya kamata a tambayi mai gyara wacce hanya zai bi kafin a bar masa kwamfuta, kuma kada a bar shagon sai an ga ta shiga intanet da Wi-Fi ɗin wayar mai ita.

Komawa Windows 10 ba ya nufin kwamfuta za ta daina aiki. Gyaran tsaro ne ya tsaya. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida har zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Wanda ya yanke shawarar sabuntawa kuma, ya fara sauke direban Wi-Fi ya ajiye a filas tun intanet ɗin yana aiki, ya kwafe takardunsa, sannan ya tabbatar batir ko sola za su riƙe kwamfutar har aikin ya ƙare.