Tsohuwar Beetle Mai Volt 6 Ba Ta Buƙatar Canjin Wuta

Kamfanonin motocin Amurka sun koma wutar volt 12 a tsakiyar shekarun 1950, amma Volkswagen Beetle ta ci gaba da volt 6 har zuwa 1967. Idan irin wannan mota ta fara nauyin tashi, makanike kan ce a mayar da ita volt 12. Wannan garaje ne. Kafin volt 6 ta yi aikin da volt 12 ke yi, sai ta ja ninki biyu na wuta, don haka rabin volt da tsatsa ta cinye a kan batir asara ce babba. Duba farar ƙurar da ta daskare a kan batir, da wayar da ke haɗa shi da jikin mota. A goge su har ƙarfen ya yi ƙyalli, a sa waya mai kauri, domin siririyar wayar motocin zamani ba ta isa.

Masu son canji suna da hujja: ƙwan fitila da batir na volt 6 sun yi wuyar samu. Gaskiya ne. Amma canjin yana jawo sauya dainamo, ƙwayayen fitila da injin goge gilashi, kuma tsatsar da ba a goge ba tana nan daram.