KUROMIYAM: GUBAR DA BA A GANI A RUWAN KAJI DA KIFI



Yau kan ruwa zan yi magana, don yawancinmu kuɗin abinci muke lissafawa, ruwa kuwa in dai ya yi garau shi ke nan.

Akwai wani sinadari da ake kira kuromiyam. Manyan masana'antun jimar fata na Kano, a Challawa da Sharada da Bompai, da shi suke jima. Shekara da shekaru dagwalonsu yana gangarawa kogin Challawa da Jakara, alhali daga Challawa ake ɗibar wani kaso na ruwan shan birnin.

Iri biyu ne ya kamata mu sani. Mai lamba 3 shi ake jima da shi, cutarsa da sauƙi. Amma in aka ƙona tarkacen fatar, yana iya rikiɗa ya koma mai lamba 6, wanda ke jawo ciwon daji, ya lalata hanta da ƙoda. Kifi kuwa wurin numfashinsa yake fara ci. Wannan mai lamba 6 ɗin ne ya shiga rijiyoyin garin Hinkley a Amurka, har kamfanin PG&E ya biya diyyar dala miliyan 333 a 1996.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha. A wannan adadi ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Tafasawa ma ba ta cire shi, sai dai ruwan ya ƙafe gubar ta ƙara kauri.

To mu a Tsamaye ina ruwanmu, tunda majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki? Kaya na iya kawo mana shi har gida:

1. Tsohon duro ko jarka. In ba ka san abin da aka taɓa zubawa ciki ba, kada ka sa wa tsaki ruwa a ciki.

2. Abinci mai arha marar suna. A Hazaribagh ta ƙasar Bangladesh, tarkacen fatar da aka jeme aka riƙa dafawa ana haɗa abincin kaji da kifi, aka kuma samu kuromiyam a naman kajin. In za ka sayi garin kifi ko garin nama, tambayi daga ina ya fito.

3. Wurin gona. Mai shirin kafa kiwo a Kano ko wani gari mai masana'antu, ya fara duba inda magudanarsu ke bi kafin ya haƙa rijiya.

Shawarata, kafin ka zuba 'ya'yan tarwaɗa ko ɗari biyar ne, ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji na jami'a ko hukumar ruwa. Ka ce musu har da kuromiyam za a duba, don ba kowane gwaji ke haɗawa da shi ba. Ruwan da kajinka ke sha, galibi shi iyalinka ke sha.

Wane ruwa kuke ba dabbobinku, rijiya, burtsatse ko gulbi? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah ya sa albarka a kiwonmu.