Yadda Kokawar Resilin Ta Rikiɗe Ta Zama Shiri

Masu kallon resilin a yau sun san shiri ne, amma gajiyar 'yan kallo ce ta kai ta can. A 1905 George Hackenschmidt, haifaffen Istoniya, ya kayar da Tom Jenkins a birnin New York, aka ɗauke shi zakaran duniya. A 1908 Frank Gotch, ɗan manoma daga jihar Iowa, ya ƙwace kambun a Chicago bayan kusan awa biyu ana gumurzu, har Hackenschmidt ya yi ƙorafin cewa abokin karawarsa ya shafe jikinsa da mai. Matsalar ita ce kokawar gaske ba ta da tabbas. A 1916 Joe Stecher da Ed Lewis sun kwashe kimanin awa biyar a Omaha suna riƙe-riƙe, aka tashi canjaras, jama'a suka watse a fusace. Wa zai sake biyan kuɗin ƙofa?

Wasu za su ce ai tun asali akwai maguɗi, musamman a wuraren bukukuwa inda ake caca a kan 'yan kokawa. Gaskiya ne, sai dai wancan ha'inci ne na ɓoye, jefi-jefi. Abin da Lewis da Billy Sandow da Toots Mondt suka kawo a shekarun 1920 tsari ne cikakke: suka taƙaita lokaci, suka ƙawata kaye, suka ɗauki 'yan kokawa da kwangila, suka riƙa zaɓar wanda zai ci tun kafin a shiga fage. Daga nan kambu ya koma hannun mai tara jama'a, ko da akwai wanda ya fi shi ƙarfi.