Ladabi biyu a bakin ɗan Zangon Kumasi

Hausawan da fataucin goro ya kawo ƙasar Asante, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, sun tarar da mutanen da ba sa wasa da gaisuwa. Shi ya sa ɗan Zangon Kumasi yake tashi da ladabi iri biyu: "sannu da aiki" da "gafara dai" a unguwa, sannan "mepa wo kyɛw" da "medaase", wato don Allah da na gode, a kasuwar Kejetia. A harshen Twi, amsar gaisuwa tana bin girman mai gaisuwar: "yaa agya" ga sa'an uba, "yaa ɛna" ga sa'ar uwa, "yaa nua" ga tsara.

Wasu na kukan cewa wannan cuɗanya tana cinye Hausar yara. Kukan yana da tushe, domin Hausar Zango ta sha bamban da ta Kano. Amma a ganina gaisuwar Twi ba ta da laifi a nan. Yaron da ya iya bambance "agya" da "nua" a Kejetia, ba zai dawo gida ya gaida limamin unguwa yadda yake gaida abokin ƙwallonsa ba.