Ɗan Tsakon da Ya Kasa Tsayuwa: A Duba Ƙasa da Buhu Kafin Kafso

Akasarin 'yan tsakin da ake raino a Na'ibawa da sauran unguwannin Kano ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Ibadan da kewayenta ake lodo su a kwalaye, su kwana a hanya, wasu kuma daga Kaduna, inda kamfanin Olam ya buɗe babbar ma'aikatar ƙyanƙyasa a 2017. Ragowar gwaiduwar da ke cikin ɗan tsako ce ke riƙe shi a wannan tafiya, kwana biyu zuwa uku. Yana isowa a galabaice, ƙashi bai yi ƙwari ba, sai a juye shi a kan jarida ko takardar buhun siminti ko leda, wai don kada ya ɓata ɗaki. Kashegari a tarar da biyu ko uku sun baje, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, sun kasa kaiwa ga ruwa.

Daga nan sai shagon magani: "Malam, a ba ni maganin ƙafa." A dawo da kafso, a kaɗa wa garken duka. To ai wannan ɗan tsako ba cuta ce ta kama shi ba. Santsi ne ya tale shi, ƙafa ta rasa abin kamawa, naman cinya ya fara ginuwa a karkace. Wani lokacin daga injin ƙyanƙyasa yake fitowa da matsalar, idan zafin injin bai daidaita ba. Ko wanne ne, maganinsa dabaibayi, irin wanda ake yi wa jaki, sai dai da filasta. A yanko siririn filasta, a naɗa shi a ƙafa ɗaya tsakanin gwiwa da yatsu, a bar tazara gwargwadon yadda lafiyayyen ɗan tsako ke tsayuwa, kamar faɗin yatsu biyu, sannan a naɗa a ɗaya ƙafar. Tsakiyar a manne ta da kanta don kada ta kama gashi. Kada a matse, domin ƙafar tana girma kullum, shi ya sa ake sake ɗaurin kowace safiya. A ware shi a ƙaramin kwali mai tsohon tawul a ƙasa, kusa da ɗumi, a zuba 'yan tsakuwa a mazubin ruwansa, don mai dabaibayi in ya faɗa ruwa ba ya iya fita. Wanda aka kama da wuri yakan miƙe cikin kwana uku ko huɗu. Wanda aka bari ya wuce mako, da wuya.

Abin takaicin shi ne rigakafin yana bakin ƙofa. Kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa kullum tana fitar da tarin diddigar katako. Amma iri biyu ce. Akwai mai faɗi, wadda injin gogar katako ke fitarwa, ita ake so. Akwai kuma mai laushi kamar gari da ke zuba daga zarto, wadda ɗan tsako ke tsattsaga ya cika ciki da ita a maimakon abinci, ƙurarta kuma ta dame shi a numfashi. A shimfiɗa mai faɗin, busasshiya, kaurin yatsu uku ko fiye. Ɓuntun shinkafa ma yana yi. Duk inda ta jiƙe a gindin mazubin ruwa a kwashe, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke cin tafin ƙafa har ya yi gyambo.

Idan kuwa sun yi mako ɗaya ko biyu lafiya lau sannan aka fara ganin ɗingishi, sai a koma kan buhun abinci. Tsadar abinci ta sa da yawa suna tsawaita sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, da dusa, wadda ba ta yankewa a garin da ke da injinan fulawa da na niƙa a Bompai da Sharada da Challawa. Dusa tana cika ciki, amma ba ta gina ƙashi. Ɗan tsako yana bukatar kalsiyam kimanin kashi 1 cikin 100 na abincinsa, tare da fosfaras da bitamin D3. In suka gaza, za ka ga yana taku biyu ya zauna, kuma in ka danna bakinsa a hankali sai ka ji yana lanƙwasa. Wasu kuma, da niyyar gyara, sukan ba su abincin kajin ƙwai, wanda kalsiyam ɗinsa ya kusa ninka na sitata huɗu. Wannan ƙodarsu yake lalatawa. Yatsu da suka dunƙule ciki, ɗan tsako yana tafiya a kan gwiwa, yawanci ƙarancin bitamin B2 ne. A sa musu bitamin a ruwa, a miƙe yatsun a kan ɗan guntun kwali a manne da filasta, kwana biyu zuwa uku. Kuma a riƙa duba kwanan watan da ke jikin buhu. Bitamin ba ya jure zafi, buhun da ya yi watanni a ƙarƙashin rufin kwano a bazarar Kano nauyinsa ne kawai bai ragu ba.

Mafi wuyar sha'ani ita ce zamewar agara. Gwiwa ta kumbura ta baje, agarar ta sauka daga kwarminta ta koma gefe, ƙafa ta juya waje. Ƙarancin manganis da wasu bitamin ke kawo ta. A ranar farko akan iya miƙe ƙafar baya a hankali, a tura agarar da babban yatsa ta koma, a naɗe. Amma kada mai kiwo ya yaudari kansa, kaɗan ne ke warkewa. Gyaran abinci sauran garken yake ceta. Wanda ya kasa kaiwa ga ci da sha, barinsa 'yan uwansa suna tattaka shi ba tausayi ba ne, gara a hutar da shi.

Kajin nama suna da tasu matsalar ta daban, wato jiki ya riga ƙafa girma. Wani bincike da Jami'ar Alberta ta Kanada ta fitar a 2014 ya nuna irin kajin 1957 yana kaiwa giram 905 a kwana 56, na 2005 kuwa giram 4,202, da abinci iri ɗaya. Masu rainon kajin Sallah da ke barin fitila a kunne har asuba don su yi ta ci suna ƙara wa ƙafa kaya ne. Bayan makon farko a ba su 'yan sa'o'i na duhu, a ɗan nisanta abinci da ruwa don su riƙa takawa.

Sai inda kafso ke da hurumi. Gwiwa ko tafin ƙafa da ya kumbura, ka taɓa ka ji zafi, ɗan tsako ya takure ya daina ci, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, sau da yawa ta cibiyar da ba ta warke ba ko ta wani ƙurji. Likitan dabbobi ne zai zaɓi magani, ya faɗi kwanakin da za a jira kafin a yanka. Akwai kuma cutar Marek, wadda wani likitan Hangare, József Marek, ya fara bayyanawa a 1907. Ba ta cika nuna kanta ba sai bayan mako shida, kaza ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Ba ta da magani, kuma allurarta a gidan ƙyanƙyasa ake yi tun ranar farko, don haka dila ake tambaya kafin a biya kuɗin kwali, musamman mai sayen kajin ƙwai da za su daɗe a hannu. In za a je wurin likita, a tafi da mara lafiyar da ransa, da takardar jikin buhun abinci, da ranar da kwalin ya iso.