Wa Ke Riƙe da Makullin Ajiyarka?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako kan wayar salula, don wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya da kaya bai samu ji ba.

Ka duba wayarka ka ga abin da ke ciki. Hoton katin shaidarka, takardar rigakafin dabbobi, rasit ɗin duwan, saƙon murya na wanda ya karɓi buhu ashirin bashi ya ce sai ranar kasuwa, hotunan garke, da shaidar kuɗin da ka tura. Wayoyi da yawa suna kwafe waɗannan abubuwa su aika wata ma'ajiya ta intanet, irin su Google Drive, Google Photos ko iCloud. Ma'ajiyar nan manyan kwamfutoci ne na kamfani a wasu ƙasashe. Amfaninta a fili yake: waya ta faɗa rijiya ko an zare ta a tasha, ka sayi wata, kayanka su dawo.

To amma ajiya iri biyu ce. Akwai wanda za ka kai wa kaya ya zuba a shagonsa ya kulle da kwaɗonsa. Ɓarawo ba zai shiga da sauƙi ba, sai dai mai shago yana iya buɗewa. Akwai kuma wanda za ka kai wa akwatin ƙarfe da ka riga ka kulle, makulli na aljihunka. Shi nasa tsaro ne kawai, bai san abin da ke ciki ba.

Google Drive na irin farko ne. Yana ba ka giga 15 kyauta, haɗe da Gmail da hotuna, yana kuma ɓoye bayanan daga 'yan kutse, amma makullin na hannun kamfanin. Injinansa suna iya tantance abin da ka ajiye, kuma wata dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ta hanyar shari'a, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Sannan tun Disamba 2023, Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne layin waya. Yawancinmu a shagon caji aka buɗe mana asusun, yaron shago ne ya zaɓi kalmar sirri, aka ɗaura shi kan lambar waya. Mai tsallaka iyaka kuwa layi biyu ko uku gare shi, na wannan ƙasa da na waccan. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani, kuma saƙon dawo da asusunka wurin sabon mai layin zai je. A zamanin nan na satar shanu da garkuwa da mutane, yawan garkenka da kuɗin da ke shige maka ba labarin da za a bari a hannun kowa ba ne.

Ma'ajiyoyi na iri na biyu suna kulle fayil tun a cikin wayarka kafin ya tashi. Ga waɗanda aka fi sani.

Proton Drive na ƙasar Suwizalan ne, kuma yana ba da har giga 5 kyauta. Wannan ya ishi hotunan takardu da littafin bashi na shekaru.

MEGA daga Niyu Zilan yake, yana ba da giga 20 kyauta. A 2022 masu bincike na wata jami'a a birnin Zurik sun gano ɓaraka a tsarin kullensa, kamfanin ya yi gyara. Wato ko kwaɗo mai kyau yana son a riƙa duba shi, shi ya sa ake sabunta manhaja in an samu reso mai ƙarfi.

Tresorit, wanda hukumar gidan waya ta Suwizalan ta sayi mafi yawansa a 2021, ya fi dacewa da 'yan kasuwa masu ma'aikata, don galibi na biya ne.

Cryptomator kuma na Jamus ne, shi kwaɗo ne kawai. Yana kulle fayil sannan ka zuba shi a Google Drive ɗin da ka saba. Kyauta ne a kwamfuta, a waya sai an biya kafin a more shi gaba ɗaya.

Wanda cinikinsa duk a WhatsApp yake, akwai gyaran da ba ya cin ko dala. Tun 2021 ana iya kulle ajiyar hirarraki da kalmar sirri ko da makulli mai lamba 64. Ka shiga saiti, sashen hira, wurin ajiya, ka nemi inda aka rubuta End-to-end encrypted backup, ko Sauvegarde chiffrée de bout en bout in wayarka da Faransanci take, ka kunna. In ba ka kunna ba, kwafin da ke tafiya Google ba ya da wannan kulle.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tunda makulli naka ne kai kaɗai, in ya ɓata babu ofishin da za ka je ka yi kuka. Proton na ba da kalmomi 12 na ceto, MEGA ma na da makullin ceto nasa. Ranar da ka buɗe asusu, ka rubuta su a takarda, da boko ko da ajami, ka adana inda kake adana takardar gona ko ta gida. Ka sanar da mutum ɗaya da ka amince da shi inda take, saboda rai da ajali, kada magada su rasa sanin wa ake bi, wa ke bi. In wani ne ya taya ka buɗewa, ka karɓi wayar ka sa kalmar sirrin da hannunka.

Ka kuma san iyakar abin. Kamfanonin nan ba sa ganin cikin fayil, amma suna iya sanin adireshin imel ɗinka da lokacin da ka shiga, kuma kotun ƙasarsu na iya neman wannan. Haka nan kullen ma'ajiya ba ya hana wanda ya riƙe wayarka a buɗe ganin komai. Don haka a sa wa wayar kanta lambar sirri, a rage abin da ake yawo da shi a cikinta.

Ba sai ka kwashe komai ka ƙaura ba, data na da tsada, reso kuma a daji sai an hau tudu. Hotunan biki da karatun malamai su zauna inda suke ko a katin memori. Abin da za ka ware ka kulle shi ne takardun shaida, lissafin bashi, shaidar kuɗi da duk abin da ke nuna dukiyarka. Ka ɗora su ranar kasuwa in ka shigo gari, takardun asali kuma su ci gaba da zama a jakarka, don jami'in kan iyaka takarda yake son gani a hannu.

Mai tambaya ya aiko ta layin shirin kamar yadda aka saba, za mu amsa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci kiwo da kasuwa.